Ranar da Kamus Ya Buɗe Gidan Wanki

Tun da Kamus ya bar aikin otal ya dawo zaman gida, mutanen layinsu suka rasa sakat. Shekara da shekaru ya yi yana tsaye a ƙofar wani babban otal cikin kwat mai maɓallai masu ƙyalli, yana buɗe wa baƙi ƙofa, kuma duk kalmar Turancin da ta faɗo daga bakin baƙo sai ya tsince ta ya adana. Da ya yi ritaya, abin da ya kawo gida ke nan, kwat ɗin da kalmomi buhu-buhu. In ka ce masa ina kwana, sai ya tsayar da kai ya gaya maka gaisuwar safe iri nawa Bature yake da su. Shi ya sa aka laƙaba masa Kamus, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu. A bakinsa kuwa ba ƙofa ya riƙe a otal ba. Wani lokaci shi ne mai kula da kicin, wani lokaci shi ne shugaban ɗakin wanki, ya danganta da inda hira ta nufa.

A saman bene yake zaune da matarsa, yaransu duk sun girma sun watse. A ƙasa akwai shaguna biyu. Ɗaya na mai katifa ne, mutum mai yawan ƙorafi wanda ko ƙuda ne ya sauka a kan kayansa sai ya yi magana. Ɗayan na mai aski ne, mai son taimako, sai dai ƙarar injin aski ta ɗan taɓa masa kunne.

Wata safiya sai ga Kamus ya shigo layin yana tafe gaban amalanke, 'yan dako na turawa suna haki. A kai an ɗaure wani ƙaton injin wanki mai ƙofar gilashi, ya lotsa ta gefe ɗaya. A wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya samo shi.

Mai katifa ya leƙo. "Baba Kamus, wannan kuma gawar mene ce?"

"Gawa? Arziki ne ya shigo layinku. Gidan wanki zan buɗe. Irin wannan injin na sarrafa a otal, ido rufe ma zan iya tuƙa shi."

"A ina za ka ajiye shi?"

"Ɗakin yara, a sama."

Mai katifa ya ɗaga kai ya dubi silin shagonsa. "Ɗakin yara ai a kan katifuna yake."

"To sai su samu albarkar maƙwabtaka."

Da ƙyar aka hau da injin, bayan ya gutsure gefen matakala ya kuma murƙushe tukunyar furen matar Kamus. Ita dai ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo. Da 'yan dako suka tafi ta ce, "Malam, ɗakin nan ba shi da rariya. Ina ruwan zai bi?"

"Madam, ki bar wa masu ilimin abin. Ga tiyo daga famfo zuwa inji, ga tiyo daga inji zuwa wancan duron. Ruwan da ya yi saura sunansa safulos, wato rara. Da shi za ki riƙa ban ruwan furanninki."

"Waɗanda ka murƙushe?"

"Waɗanda za su tsiro nan gaba."

Babban shirin kuwa shi ne wannan. Kamus ya je har otal ya gayyato tsohon Manajansa, ya zo ya ga inji yana aiki da idonsa. In ya gamsu, sai a riƙa turo masa zannuwan gado da tawul-tawul na otal yana wankewa. Manaja mutum ne mai kunya, ya kasa cewa a'a, ya ce zai biyo da hantsi ranar Asabar.

Ranar na zuwa, Kamus ya bi maƙwabta yana karɓar kayan wanki, ya ce na yau kyauta ne. Ya kwashe tawul-tawul ɗin mai aski da mayafan da yake ɗaura wa mutane a wuya. Ya kwance labulen falonsu tun matarsa ba ta ankara ba. Ya haɗa da barguna biyu da dardumar ƙofa. Ya dinga dannawa cikin injin da hannu, da hannu ya gaza ya sa gwiwa, da ƙyar ƙofar gilashin ta rufu. Sannan ya jawo buhun garin sabulu ya fara zubawa da kwanon awo.

Matarsa ta ce, "Malam, ya isa haka."

Ya ƙara kwano ɗaya.

"Na ce ya yi yawa."

"Kin ga matsalarku ke nan. Komai a ce ya yi yawa. Bature ya raba yawa kashi-kashi. Akwai abandans, yalwa ke nan, abin so. Akwai safulos, na gaya miki. Akwai eksas, wanda ya wuce kima. Sai babban yayansu, sufafuluwas, wanda ko kaɗan ba a bukatarsa. Wannan da kike gani abandans ne."

"To a wane kwanon yake komawa eksas ɗin?"

"Zan sanar da ke."

Ya juye sauran buhun gaba ɗaya, ya kakkaɓe gindinsa. Ya buɗe famfo har ƙarshe, ya danna maɓalli. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya fara juyi yana girgiza kamar mai zazzaɓi. Kamus ya harɗe hannuwa yana murmushi.

Ba a jima ba wani siririn ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashin injin, ya miƙe a kan siminti ya nufi ƙafar matar.

"Malam, yana zuba."

"Sifil ne wannan."

"Sifili? Ruwa yana taɓa mini ƙafa kana cewa sifili?"

"Sifil na ce. Ɗan abin da ya fantsalo, kamar in an bangaji kofin shayi. Kawo tsumma."

Ta kawo tsumma, tsumma ya jiƙe. Ta kawo tsohon zane, shi ma ya sha ya ƙoshi. Kumfa ta fara leƙowa ta aljihun da aka zuba sabulu, fara fat, tana kumbura a hankali. Wata jar fitila ta kama ƙyaftawa a goshin injin, da rubutu a ƙarƙashinta. Kamus ya sa tabarau ya duƙa.

"Me ya ce?"

"Ya ce obafulo. Wato ya cika ya tumbatsa."

"To kashe shi mana."

"In kashe? Manaja na hanya. So kike ya zo ya tarar da inji a kwance kamar mara lafiya? Bari ya gama zagayensa, zai shanye abinsa da kansa."

Ya tura ta waje, ya jawo ƙofar ɗakin, ƙofar ƙarfe ce mai buɗewa ta baranda, ya murza makulli ya jefa a aljihu. Yana juyowa ya yi kiciɓis da mai aski, wanda ya hawo ya tambaya ko tawul ɗaya ya fito, don yana da mutum a kujera da rabin kai a aske. Mai aski ya dubi ruwan da ke silalowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Baba, wannan fa?"

"Lik ne kawai," in ji Kamus, wai yoyo yake nufi, yana sauri zuwa ɗakinsa ya sa kwat.

"Liƙe?"

"Lik, lik."

Mai aski ya gyaɗa kai. In dai liƙewa ce, an zo gidanta. Ya sauka ya tsinto guntayen soso a bayan shagon mai katifa, ya haɗo da ledoji, ya durƙusa ya cusa su a ƙarƙashin ƙofar da bakin almakashi, ya bi gefe da gefe ya toshe ko'ina. Ruwa ya daina fitowa ɗif. Da Kamus ya fito cikin kwat ya ga baranda ta fara bushewa, sai ya ƙwala wa matarsa kira.

"Madam, zo ki gani. Ban ce miki zai shanye abinsa ba?"

Ta zo ta duba, ta kasa kunne. Daga ciki ana jin wani sauti kamar ana wanka a kogi. Ta miƙa hannu. "Ba ni makullin."

"Baƙo ne zai fara ganin buɗewar ƙofar nan. Haka tsarin yake."

Ya sauka ƙasa yana gyara wuyan kwat. Bai kai ga tsayawa da kyau ba mai katifa ya fito daga shago, tafin hannunsa a buɗe, da ɗigon ruwa a ciki.

"Baba Kamus, silina yana ɗiga."

"Sifej ne wannan. Ruwan da ke tsattsafowa a hankali ta cikin siminti. Ba ya cutarwa."

"A kan katifa mai inci goma yake sauka."

"Matsar da ita."

"Na matsar. Ya bi ta."

"To ai ɗan obafulo ne aka samu a sama, yanzu zai wuce."

"Ba filo kaɗai ba, na ce maka har katifun."

Suna cikin haka motar Manaja ta shigo layin. Kafin ta gama tsayawa Kamus ya riga ya kai, ya buɗe ƙofar baya, ya ɗan rusuna, hannu ɗaya a bayansa. Manaja ya fito, mutum mai jiki, cikin fararen kaya da sabon takalmi mai sheƙi. Mutanen layi suka fara taruwa, don Kamus ya shafe mako yana shelar zuwan nan. Masu jiran aski suka fito, har da mai rabin kai.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Yaya hanya? Yaya otal? Yaya ƙofa, wa ke riƙe da ita yanzu?"

"Lafiya lau, Kamus. Mu ga injin, ina da taro an jima."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe. Sai dai kafin mu hau, bari in ɗan yi bayanin tsarin kamfani."

Ya gyara murya ya fara. Yana cikin bayanin yadda zai ƙaro inji na biyu da na uku, sai wani farin abu kamar auduga ya sauko a hankali daga sama ya zauna a kafaɗar Manaja. Wani ya biyo baya ya sauka a kan hularsa. Jama'a suka ɗaga kai. Tagar ɗakin yara ta cika da kumfa, tana tuttulowa ta tsakanin ƙarafa, iska na yagar ta guntu-guntu tana rabawa layi.

Manaja ya shafo kafaɗarsa ya shinshina. "Kamus, lafiya dai ko?"

"Talla ce, ranka ya daɗe. Don mutane su san an buɗe."

Daga sama matarsa ta leƙo ta baranda. "Malam, ƙofar nan ta fara kumbura. Ka jefo makullin."

"Madam tana marhabin da kai, ranka ya daɗe. Bismilla, mu hau."

Suka hau, Kamus a gaba, Manaja a baya, sai mai katifa yana ƙunƙuni, sai mai aski, sai duk wanda matakala ta iya ɗauka. Matar Kamus ta dubi ƙofar, ta dubi fararen kayan baƙo, ta ce, "Yallaɓai, da ka ɗan koma gefe."

"Madam, ba a mayar da babban baƙo gefe," in ji Kamus. Ya tsayar da Manaja daidai tsakiyar ƙofa. Ita kuwa ta tattare zanenta ta haye kan kujera.

Kamus ya murza makulli. Ya kama mariƙin da hannun dama, ya ja ƙofar zuwa jikinsa, ya koma bayanta ya rusuna, daidai yadda ya saba yi shekara da shekaru. Saboda haka shi ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Abin da ke cikin ɗakin ya fito gaba ɗaya. Ruwa har gwiwa, kumfa har ƙirji, duro yana birgima a gaba, guntayen soso na biye. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, kumfa ta rufe shi. Ya zauna daɓas, ruwan ya juya shi ya nufi matakala da shi. Waɗanda ke kan matakala suka juya da gudu, santsin sabulu ya kwashe na farko, na farko ya kwashe na biyu, suka sauka a jere a zaune, mai katifa a ƙasa, Manaja a kansa, mai rabin kai yana riƙe da ƙafar mai aski.

Kamus ya leƙo daga bayan ƙofa. "Jama'a a kwantar da hankali. Wannan fulod ne, wato ambaliya, amma ƙarami."

Matarsa ta diro daga kujera ta kutsa cikin ruwa zuwa inda mitar wuta take, ta ja makunnin gidan gaba ɗaya. Injin ya yi wata doguwar ajiyar zuciya ya tsaya. Amma ruwa bai tsaya ba, don tiyon ya riga ya fice daga bayan injin, yana ta wutsil-wutsil a ƙasa yana feshi.

"Malam, rufe famfon."

Kamus ya naɗe hannun kwat, ya shiga ɗakin yana lalube cikin kumfa. Ya kama kan famfo ya murɗa. Ruwa ya ƙaru. Ya gane ya murɗa ta inda ba daidai ba, ya tattara ƙarfinsa ya mayar ɗaya gefen. Sai ga shi ya fito da kan famfon a hannu, yana duba shi kamar wanda aka ba kyauta. A bayansa ruwa na harbin silin.

"Yanzu kam," ya ce, murya ta ɗan sauka, "mun shiga inondeshan."

Daga ƙasa mai aski ya ɗaga murya. "Inna wa?"

"Inondeshan. In ruwa ya mamaye wuri ya shafe shi. Daga shi sai deluj."

Matarsa ta tura masa bokiti a ƙirji. "Wace ce Delu kuma? In tana da bokiti ta zo, in ba ta da shi ta zauna inda take. Kwashe."

Ba abin da bokiti ya iya. Famfon daga tankin saman bene yake sha, tankin da duk gidan da shagunan suke amfani da shi, kuma sai da ya zube tas sannan ruwan ya tsaya don kansa. Kafin nan ya bi matakala ya shiga shagon mai katifa ta ƙofa, bayan wanda ya riga ya shiga ta silin. Ya leƙa shagon aski ya kwaso gashin da aka share, ya fito da shi titi. Kumfa ta cika kwata ta haye kan hanya, masu babur suna tsayawa suna tambaya ko wani abu ake rabawa. Takalmin Manaja ƙafa ɗaya ya bi kwata ya tafi, ba a sake ganinsa ba.

Aka zaunar da Manaja a kujerar aski a bakin titi. Mai aski ya nemi tawul ya goge masa fuska, sai ya tuna duk suna cikin inji, ya cire rigarsa ya ba shi. Mai katifa kuwa yana ta jawo kayansa waje ɗaya bayan ɗaya, kowace katifa ta yi nauyin saniya, in ya taka ta sai ta yi kumfa.

Kamus ya sauko a hankali, kwat na ɗiga, har yanzu kan famfo na hannunsa. Ya dubi katifun ya ce, "Sun zama sachureted. Wato sun sha har ba sa iya ƙarawa."

Mai katifa ya miƙe tsaye. "Baba Kamus, da girmanka nake ganinka. Ka ƙara faɗa mini kalma ɗaya, ɗaya tak, in nuna maka wanda ya sha har ba ya iya ƙarawa."

Kamus ya haɗiye ta gaba.

Manaja ya gama tari, ya share idanu, ya ce, "Kamus, kafin ruwan ya ɗauke ni na hango injin. Yana da lotsawa ta gefen hagu?"

"Yana da ita, ranka ya daɗe. Alamar ƙwari ce."

"Namu ne. Shi ya cika mana ɗakin wanki da ruwa har sau biyu, lotsawar nan ma matar da ke aiki da shi ce ta harbe shi da ƙafa. Ni da kaina na sa aka ba masu tsofaffin ƙarafa, na ce su farfasa shi kada ya cuci wani."

Mai aski, wanda a wannan karon ya ji komai sarai, ya ce, "To Yallaɓai, ya aka yi Baba bai gane shi ba? Ba shi ne shugaban ɗakin wankin ba?"

Manaja ya dubi Kamus. Kamus ya dubi kan famfo. Manaja ya ɗan yi murmushi ya ce, "Kamus ƙofa ya riƙe mana, kuma har yau ba mu sami wanda ya kai shi ba. Ko ɗazu kun ga yadda ya buɗe. Bai bar komai a ciki ba."

Dariyar da aka yi ta kai har bakin babban titi. Mai rabin kai ya yi ta yi har ya zame ya koma cikin kumfa. Matar Kamus ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Shi kansa Kamus, da ya ga ba mafita, sai ya ɗan rusuna kamar an yaba masa, ya taka ya buɗe wa Manaja ƙofar mota. Manaja ya shiga da takalmi ƙafa ɗaya, ya leƙo ta taga ya ce maganar zannuwan gado a bari sai an ga hali.

Sauran yinin a aikin katifu ya ƙare. Mai katifa ya ce ba ya son jin haƙuri, aiki yake so, kuma wanda ya jiƙa shi zai busar. Aka jera su a jikin katanga daga farkon layi zuwa ƙarshe. Kamus ya cire kwat ya rataye, ya hau kansu yana tattakawa da ƙafa ruwa na fita, ya juya wannan ya koma waccan, matarsa na zaune a bakin matakala tana matse labulenta da aka zaro da ƙyar daga cikin injin. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambayi Baba Kamus sunan wannan aikin da Turanci, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba.

Da la'asar ta yi, rana ta fara sanyi, katifu ko rabin bushewa ba su yi ba. Kamus ya tsaya ya share gumi, ya daɗe yana kallonsu, kansa a karkace. Sannan fuskarsa ta washe.

"Madam, rana ba za ta iya aikin nan ba. Akwai wata dabarar busarwa da na sani, cikin ɗan lokaci za a gama. Gawayi kawai ake bukata da ɗan kananzir."

Mai katifa ya ajiye filon da ke hannunsa, ya fara waige-waigen sanda. Matar Kamus ta ajiye labulen. Ta tashi ta hau sama, ta ɗauki ashanar da ke kicin, ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta dawo ta ci gaba da matse labule.